Turakun ƙarfen da aka bari a kan duwatsu: wa ya taɓa cin karo da su?

Ɗan Maraɗi, Grenoble

Assalamu alaikum 'yan uwa. Lahadin da ta wuce na hau Moucherotte, dutsen nan mai tsayin mita 1,901 da ke leƙen birnin Grenoble na Faransa ta yamma. Daga ƙauyen Saint-Nizier na ɗauki hanya. Ban yi nisa ba sai ga wani dogon ginin kankare ya zubo daga gefen dutse kamar harshen saniya. Shi ne wurin tsallen mita 90 na masu zamiyar ƙanƙara da aka gina don wasannin Olamfik na hunturu na 1968. Tun wajen 1990 babu wanda ya sake tsalle a kansa. Ciyawa ta tsaga matakalarsa, matasa sun cika bangon da zanen fenti.

A can ƙoli wani dattijo ya nuna mini wani fili share tas, ya ce nan otal ɗin Ermitage yake a da. A shekarun 1950 aka ja igiyar ƙarfe daga ƙauyen zuwa saman dutsen, ana ɗauko attajirai a cikin ɗan ɗakin da ke rataye a jikinta. Iska ta yawaita tsayar da ita, kuɗi suka ƙi shigowa, a shekarun 1970 aka rufe. Ginin ya zauna kango har 2001 kafin a rushe shi.

Da na sauko na kasa cire abin a raina. Wani masanin labarin ƙasa na jami'ar nan, Pierre-Alexandre Métral, ya ƙirga wuraren zamiyar ƙanƙara 186 da aka rufe a Faransa. Ga wanda bai saba ba, injinan da ke hawa da mutane kan dutse ta igiyar da aka ɗora a kan turakun ƙarfe iri uku ne: telesiki, mai jan mutum yana tsaye a kan takalmansa na zamiya, telesiyej, mai kujeru, sai teleferik, mai ɗaki. Na san a cikinmu akwai waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su ƙasashen sanyi. Wa ya gani, a ina, kuma me mutanen wurin suka ce masa?

'Yar Damagaram, Meknes

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Michlifen na gani, kusa da Ifrane, shekarata ta biyu a Maroko. Wurin kamar ƙwarya yake, bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, itatuwa sun kewaye shi. Tun zamanin Faransawa aka kafa injinan. Ranar da muka je akwai dusar ƙanƙara daidai gwargwado, amma igiyar ko motsi ba ta yi. Mutanen wurin ba su tsaya jiranta ba. Sun harhaɗa 'yan kujerun katako masu sulɓi suna bayarwa haya, ka ja naka da hannu ka hau tudu, ka zauna ka sulalo. Wata mata mai sayar da shayin na'a-na'a ta ce mini a ƙuruciyarta ƙanƙara kan daɗe kwance a wurin, yanzu kuwa in ta sauka ranar Laraba sai su yi ta addu'a ta kai Asabar, ranar da baƙi ke zuwa. Yadda ta faɗa ɗin sai na ji muryar kakata tana maganar ruwan shuka.

Baba na Tawa

'Ya'yana, ni na hau irin wannan kujerar tana aiki, shi ya sa maganar ta taɓa ni.

A ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta tura mu karatu Aljeriya. Wani abokin ɗakina Bakabile, wato ɗan ƙabilar Kabil ta can, ya ɗauke ni hutun hunturu zuwa Tikjda, a duwatsun Djurdjura, cikin lardin Bouira. Ranar na fara taɓa ƙanƙara da hannuna. Ban iya zamiya ba, amma ya saya mini tikitin kujera. Ina tuna sanyin ƙarfen da na riƙe har ta cikin safar hannu, da ɗan girgizar da kujera ke yi duk lokacin da ta wuce kan turke, kakaf-kakaf, sannan shiru. Ƙasa da ƙafafuna ga kawunan itatuwan al'ul sun yi fari fat, ga birai a kan reshe suna kallonmu. Iyalai daga birnin Aljas sun cika wurin, mata da yara, ana ta dariya.

Sai yaƙin shekarun 1990 ya zo. Duwatsun suka zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, aka ƙona otal-otal, mutane suka ƙaurace. Can ba ƙanƙara ce ta gudu ba, mutane ne.

Bayan fiye da shekara ashirin na koma don wani taro, na roƙi a kai ni. Baƙi sun dawo, ana gasa nama a bakin hanya, biran suna nan. Turakun kuma suna tsaye a jere har inda ido ya ƙare, tsatsa ta mai da su ja. Na dafa ɗaya na daɗe. Abokina ya rasu a waɗancan shekarun, Allah ya jiƙansa. Direban ya bar ni, bai ce mini komai ba.

Ɗan Agadas, Chambéry

Allah ya jiƙansa, Baba, ya kai haske kabarinsa.

Ni aiki na yi a jikin telesiki, hunturu huɗu, a wani ƙaramin ƙauye da ke kan tsayin mita 1,200 da ɗoriya. Injinanmu uku ne kacal. Aikina miƙa sanda: wata doguwar sandar ƙarfe ce mai ɗan faifan roba a ƙarshe, mutum ya sa ta tsakanin cinyoyinsa, igiya ta fizge shi zuwa sama. Ranar Laraba yaran makarantar ƙauyukan kewaye ke zuwa. Sai in durƙusa in ce wa yaro kada ka zauna, tsaya kawai ta ja ka. Rabinsu sai sun zauna sun faɗi, in tsayar da inji, in kakkaɓe su, mu sake.

Wanda ya koya mini aikin wani tsoho ne manomi, mai shanun nono. Da rani yana kiwo a kan gangaren, da hunturu yana kula da inji a kan gangaren nan dai. Ya ce mini mahaifinsa da maƙwabta ne suka haƙa ramukan turakun da hannu a shekarun 1960, lokacin da Faransa ta shiga zazzaɓin abin da suke kira farin zinari, wato ƙanƙara, gwamnati na gina manyan tashoshi a sama, kowane ƙauye kuma na son nasa ko da igiya ɗaya ce. Dalilinsu shi ne kada samari su tsere birni. Da kunne yake gane wilin da ke neman giris. Yana tsakiyar magana sai ya ɗaga yatsa ya ce turke na shida, ya saɓi gwangwaninsa ya hau.

Abin da ya kashe mu ba abu ɗaya ba ne. Ƙanƙara ta zama ba ta da alkawari: ta sauka, bayan kwana uku ruwan sama ya wanke ta. A Col de Porte, nan kusa da ku Ɗan Maraɗi, masu binciken yanayi suna auna kaurinta tun 1960, kuma awon ya nuna raguwa ƙarara. Injin yin ƙanƙarar kanti yana son ruwa da lantarki da daren sanyi, ƙauyen ba shi da kuɗinsa. Ga binciken lafiyar inji da doka ta wajabta, mai cin kuɗin da tikitin yara ba zai taɓa biya ba. Hunturun 2019 zuwa 2020 kwanakin da muka buɗe ba su taka kara sun karya ba. Na bayansa kuwa ƙanƙara ta zo da kyau, amma korona ta sa gwamnati ta hana injinan ƙasar duka juyawa. Muna tsaye muna kallon farin tudu babu kowa. Daga nan majalisar yankin ta kaɗa ƙuri'ar rufewa. A jarida na gani, babu wanda ya kira mu, har tsohon da ya ba wurin shekara arba'in. Wannan ya fi rasa aikin yi mini ciwo.

Mai Walda, Kano

Malam, ku yi mini bayani don Allah. Ƙarfe mai nauyin nan a yashe a daji shekara da shekaru, babu mai saye? A nan ko tsohon injin niƙa ba ya kwana uku 'yan jari-bola ba su yi masa kuɗi ba.

Maman Hanifa, Gap

Malam Mai Walda, kuɗin sauko da shi ya fi kuɗinsa. Turken yana kan gangaren da mota ba ta zuwa, gindinsa a cikin kankare, wani lokacin sai an ɗauko jirgi mai saukar ungulu. Kamfanin da ya kafa ya daɗe da rushewa, ƙauye mai mutum ɗari biyu kuma ba shi da abin biya. Sai a Disambar 2016 aka yi dokar da ta ce duk wanda zai kafa sabon inji dole ya ɗauki nauyin cire shi idan ya daina aiki, amma ba ta waiwayi tsofaffin ba.

Akwai ƙungiyar Mountain Wilderness da ke wannan aikin da 'yan sa-kai tun 2001. Ni da maigidana mun bi su sau ɗaya. Masu gwaninta suka yanke gindin turke da injin yankan ƙarfe, aka ja da igiya ya faɗi, ƙasa ta amsa. Mu kuma muka yi ta jidar gutsattsarin zuwa inda tarakta za ta iya kaiwa. Abin da ya fi ba ni tsoro igiyar da ta faɗi ta nutse cikin ciyawa: silillanta sun warware kamar ƙaya, ɗaya ta huda mini takalmi. Makiyayin wurin ya ce tumakinsa sun sha yankewa a kanta. Wadda ke sama kuma tsuntsayen dutse ke karo da ita cikin hazo. A ɗakin inji mun tarar da durom na tsohon baƙin mai yana tsiyaya, ƙasa da shi kaɗan ga idon ruwa. Baba, ka gafarce ni, na ji abin da turken Tikjda yake a wurinka, amma tun ranar nake ganin cirewa ita ce daidai.

Baba na Tawa

Babu laifi 'yata, gaskiya kika faɗa. A kwashe igiya da mai. Amma a bar turke ɗaya a bakin hanya, a rubuta shekarar da aka kafa shi da sunayen waɗanda suka haƙa raminsa.

Ɗalibi a Istanbul

Wani lokacin ma injin yakan dawo. Na je Sarayebo, babban birnin Bosniya, hutu, na hau teleferik na dutsen Trebević. An buɗe shi a 1959, yaƙin 1992 ya lalata shi, kuma mai gadinsa, Ramo Biber, yana cikin mutanen farko da aka kashe. Shekara 26 babu shi, sai ranar 6 ga Afrilu 2018 aka buɗe sabo. A ɗakin da na shiga akwai wata tsohuwa da jikarta, tana nuna mata unguwanni ta taga ɗaya bayan ɗaya. A sama kuma hanyar kankaren da aka yi tseren keken ƙanƙara a Olamfik na 1984 tana nan kango cikin daji, mutane na tafiya a cikinta da ƙafa.

Ɗan Agadas, Chambéry

Sarayebo birni ne, yana da masu hawa rani da damina. Namu ba zai dawo ba, tsohon ma ya sani.

Na kai masa ziyara watan jiya. Sandunan duk an sauke su an jingine a rumbun ciyawarsa, ya ɗaure su goma-goma da igiyar ɗaurin ciyawa. Ya ce an gaya masa za a yanke turakun in an sami kuɗi. Bai yi gardama ba, abu ɗaya ya roƙa: kowane turke yana da ɗan farantin ƙarfe mai lamba, yana son na shida, don ramin mahaifinsa ne. Maman Hanifa, in kin ji an sa ranar aikin wajenmu ki sanar da ni da wuri. Gwiwarsa ba ta hawa yanzu, ni zan kwance masa shi kafin a kawo injin yanka.