Agogona na cin daƙiƙu a wasan dara na chess ta intanet

Assalamu alaikum. Matsalar nan ta ishe ni, ina neman wanda ya san ciki.

Ina buga wasan minti 3 mai ƙarin daƙiƙa 2 a kowane taku. Sai in yi taku da daƙiƙa 14 a agogona, allo ya daskare kamar numfashi biyu, da ya dawo in ga saura 8. Na abokin karawa kuwa yakan sauka zuwa 5 ya koma 7 tun bai taka ba. Ko takun da na ajiye tun kafin ya taka, wanda bai kamata ya ci wani abin kirki a agogo ba, wani lokaci yana cin daƙiƙa guda. Wasa huɗu na rasa a haka cikin mako ɗaya.

Na bar Wi-Fi na koma kebul kai tsaye daga rauta (na'urar da ke raba intanet), na kashe VPN (manhajar da ke bi da intanet ta wata hanya), na share ma'ajiyar burauza, na sauya burauza, na gwada manhajar wayar hannu. Jinkirin saƙo, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, yana zama a milisakan 90 (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya), amma duk bayan minti biyu ko uku sai ya haura 800. Gwajin saƙo 500 ya nuna 6 sun ɓace.

Na san agogon sabar, wato kwamfutar da ke gudanar da wasan, ne ke hukunci, ba na allona ba, kuma ana mayar wa mai jinkiri ɗan lokaci, shi ya sa ban kai ƙarar kowa da maguɗi ba.

Ta yaya zan tabbatar ko wannan tsallen jinkirin daga layina yake ko daga sabar?