Tsadar tikitin jirgin sama daga Sakkwato zuwa Abuja: mai ne, dala ce, ko son kai?

Mai Tikiti: Jama'a, ni dai ban yarda da zancen wai tsadar mai ce ta sa tikitin jirgi tsada ba. Matatar Dangote ta fara fitar da man jirgi tun 2024, amma tikitin Sakkwato zuwa Abuja, tafiyar awa guda, ya ƙi sauka. Fakewa kawai kamfanoni ke yi.

Injiniya: Malam, ɗauko kalkuleta. Boeing 737 na shan kusan lita 3,000 a awa. A ce lita naira 1,200 ce, miliyan 3.6 ke nan. Fasinja 120, kowa ya ɗauki 30,000 na mai kaɗai. Su 60 ne, ya zama 60,000. Kujera ba gero ba ce da za a ɓoye a rumbu, jirgi na tashi ta zama asara. Kuma man da ake sha a Arewa tanka ke kawo shi daga Kudu, da kuɗin dakonsa.

Hajiya Akanta: Injiniya, ka bar babban. Tikiti da naira ake sayar da shi, amma hayar jirgi, kayan gyara da horon matuƙa duk dala ne. Kafin a saki naira kasuwa ta yanka mata farashi a Yunin 2023, dala na wajen naira 460 a hukumance, farkon 2024 ta haura 1,500. Shi ma man Dangote farashin kasuwar duniya yake bi.

Mai Tikiti: To Hajiya, a 2022 fa? Ba a saki naira ba tukuna, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama na Najeriya, AON, ta ce za ta ajiye jirage.

Hajiya Akanta: Wannan kam mai ne, lita ta tashi daga naira 190 ta kai 700. Amma a shekarar Emirates, mai jiragen Dubai, ta daina zuwa Najeriya don kuɗinta sun maƙale, ba dalar fitar da su.

Injiniya: Ga inda abin ke cizo. Babban duban lafiyar jirgi da ake kira C-check na zuwa kusan duk wata 18 zuwa 24, galibi a waje. In dala ta yi wuya sai jirgi ya kwana a can wata da watanni. Kamfani mai jirgi shida ya koma uku, ina zai kai su? Legas da Abuja mana. Filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato ke fara rasa sawu. Ƙara da hazon hunturu mai sa a soke tashi, da zafin Afrilu da kan tilasta rage kaya.

Mai Tikiti: Na ji. Amma in jirgi ɗaya ya rage a hanya, farashi abin da ya ga dama ne. Mi ya sa yake ninkawa gab da Sallah? Dala na hawan Sallah ne?

Hajiya Akanta: Allah shi ba ka haƙuri, nan kam da gaskiyarka. Kujeru kashi-kashi ake sayarwa, masu araha na ƙarewa kwamfuta ta buɗe na sama, ba kuma abokin gasa da zai karya farashin.

Mai Tikiti: To ku kira shi da sunansa.