Hayar dajin farautar barewa a Texas: me kuka duba kafin ku biya?

Sabon shiga, Houston:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne aka yi wa tayin daji eka 400 a gabashin Texas, wajen Lufkin, hayar shekara guda. Mai dajin ya turo mana hotunan bareyi masu manyan ƙahoni, ya ce in ba mu biya kafin ƙarshen wata ba akwai masu jira. Ni a gida na tashi ina bin yayyena farauta, ban taɓa jin an biya kuɗin daji ba. A nan kuwa sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar jihar mallakar mutane ce, in ba ka yi haya ba sai kallo daga bakin shingen waya. Don Allah waɗanda suka riga mu, ta yaya ake gane dajin da ya ci kuɗinsa?

Dattijo, San Antonio:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye hotunan nan tukuna, gani ya kori ji. Hoto ba ya faɗin shekarar da aka ɗauke shi, balle dajin da aka ɗauka.

Na daɗe ina haya a yankin Llano, a tsakiyar Texas, kuma abin da nake fara tambaya shi ne ruwa. A farin 2011 tafkin da ke wurinmu ya ƙafe ƙaf, bareyin suka koma gonar maƙwabci mai rijiya da famfon iska. Mun biya kuɗin shekara cif, muka wuni a kwanto muna kallon ƙura. Tun daga lokacin, ƙarshen bazara nake zuwa duba daji, lokacin da ya fi muni. In na tarar da ruwa a watan Agusta, hankalina ya kwanta.

Ka je da ƙafa, kada ka zauna a mota. Nemi sawu da kashi a bakin ruwa, da ƙananan itatuwan da namiji ya goge wa ɓawo da ƙaho. Sannan ka dubi ganye: in an cinye duk na ƙasa har tsayin ƙirjinka, bareyin sun fi ƙarfin abincin wurin, ramammu za ka samu. Wannan ita ce matsalarmu a Llano da Mason, akwai yawa amma jikin ƙanana ne. Manyan ƙahoni suna kudu, wajen Laredo, kuma kuɗin can ba na ma'aikaci ba ne. Ku huɗun nan ku fara yanke shawara: nama kuke so ko ƙaho?

Direban tirela, Dallas:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma gabas ba ta da matsalar ruwa kamar wurinsa. Abin da ya cuce ni a can takarda ce. Dajin da muka kama na wani kamfanin katako ne. Mun kafa rumfunan kwanto, mun ɗaura kyamarori a bishiyoyi, saura mako biyu a buɗe farautar bindiga, wato Asabar ta farko a Nuwamba, sai ga injinan sare itace. Kusan rabin dajin suka kwantar. Da muka yi magana aka nuna mana layin da muka sa wa hannu, cewa suna da ikon sara duk lokacin da suka so ba tare da mayar da ko sisi ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Wurin da aka sare yakan yi toho mai kyau bayan shekara biyu zuwa uku, amma wanda ya zo bayanka ne zai mora.

Malam, ka tambaya a rubuce: yaushe aka tsara sara, maharba nawa ne a dajin, dangin mai wurin suna shiga ko ba sa shiga, za ka iya zuwa da baƙo? Ka kuma zagaya iyaka ka ga maƙwabta. Eka 400 ba ta riƙe barewa, yawo take. In masu kewaye da ku suna harbin duk abin da ya motsa, ku kuna kiwo ne su suna ci. Abin da ke ɗan taimakawa a gundumomin gabas shi ne dokar ƙaho: ba a harbin namiji sai wanda faɗin tsakanin ƙahoninsa ya kai inci 13, ko wanda ƙahonsa ɗaya bai yi reshe ba.

Uwargida, Austin:
Sannunku. Maigidana ne maharbin, ni ce mai lissafi. Kuɗin haya somin taɓi ne. Akwai masarar da ake zuba wa injin da ke watsa wa bareyi abinci, akwai mai, akwai lasisi. Shekararmu ta farko aladun daji ne suka cinye masarar, sai da aka kewaye injin da waya. Ku dubi ƙasa, in an tone ta kamar an yi huɗa, aikinsu ne. Wasu masu daji ma ƙara kuɗi suke yi saboda aladun, mu kuwa me za mu yi da su?

Sai batun mahauta. Da yawansu suna haɗa naman barewa da kitsen alade in za su niƙa shi, kuma injin ɗaya ne. Mu yanzu a gida muke gyara namu. Saboda haka dajin da yake da wuta da wurin rataye nama ya fi mana daraja a kan mai faɗin eka.

Ɗalibi, College Station:
Yaya, in aljihu bai kai ba, hukumar namun dajin jihar tana sayar da izinin shekara na dala 48, na shiga filayen da ta buɗe wa jama'a, kusan eka miliyan ɗaya. Akwai cunkoso, amma da shi na samu barewata ta farko. Kuma duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 sai ya yi kwas ɗin maharba.

Sabon shiga, Houston:
Allah ya saka da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Na kira mai dajin na ce ya turo takardar yarjejeniya, ya ce sai gobe. Nama muke so, mun daidaita a kan haka. Ranar Asabar bayan asuba za mu kama hanyar Lufkin, tafiyar awa biyu ce, mu taka dajin da ƙafarmu.