Ku da kuka ɗan manyanta, har yanzu kuna tahiya kamar da?

Baban Ummi, Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na dawo Maradi daga Yamai, har yau ƙuguna bai saki ba, sallar asuba ma a zamne na yi ta, shi ya sa na ce bari in ji ko ni kaɗai ne. Sanda nike ɗan shekara 22 ina karatu a Yamai, in vakansi, wato hutun makaranta, ta ƙare mota mai arha kawai muke nema, akwai ranar da munka haye saman buhunan albasa tun daga Galmi, munka isa jajawur da ƙura muna ta dariya kamar an ba mu kyauta. Yanzu ina da 47, kwana biyu kamin tahiya nike zuwa in yanki tike don in samu kujerar gaba, kuma tun daren jajibiri nike rage shan ruwa, kun dai san dalili, kilomita wajen 660 kuma kar, wato bas, ba ko'ina yake tsayawa ba. In mun wuce Ƙonni sai in fara ƙirga garuruwa, Dogondutsi, Doso, kamar mai jan carbi.

Na Kasuwa Babba:
Alhaji ni ban ɗora ma tsufa laifin duka ba, hanyar ma ta canza. Da sau biyu a sati nike shiga Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, wani lokaci in zarce Kano Kantin Kwari in kwana kan benci a tasha da kuɗɗi ɗaure a ciki, ko a jikina. Da Najeriya ta rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, dole na koyi wata dabara, yarona na Kano ya turo hoton atamfa ta WhatsApp, in zaɓa, in tura kuɗɗi, kaya su iske ni. Da anka sake rufewa a 2023 ban ma ji zafin ba sosai. Yanzu sai in yi wata biyu ban tsallaka ba, in zan tahi kuma da rana tsaka, magariba ba ta riske ni a wannan hanyar ba, kowa ya san halin da ake ciki da ɓarayin daji wajen Madarunfa. Da ina da shekara 25 ƙila in yi kasada, yanzu mata biyu da ɗiya tara ke jiran in dawo.

Hajiya ta Zariya:
Ku maza kuna ta kukan kun gaji, ni yanzu ma na fara. Ina budurwa iyakata Tibiri, shi ma sai da rakiya. Da na yi aure tahiya ta zama azaba, biki a Tasawa da goyo a baya da wani a hannu, ga kwanon tuwo, ga buta, wallahi ko gefen hanya ban kallo, ido na kan yaro kada ya yi ma mutane amai a tufafi. Yanzu autana ya shiga lise, shekarata 56, bara na je Damagaram suna, na je Yamai wankan jegon ɗiyata na yi kwana arba'in cur, har gadar Kennedy jikana ya kai ni na ga kogin Kwara da idona, ruwan da tun ina yarinya nike jin labarinsa. Kayana ba yawa, darduma, filas ɗin shayi, maganin hawan jini a jakar hannu ba a but ba, wannan na koya da wuya, akwai kamfanin da ya wuce da jakata wani gari na kwana biyu ba magani. Kujerar taga nike so, in ga gero ya yi ko bai yi ba.

Ɗan Ali Ɗan Sofo:
Hajiya Allah ya ƙara lahiya, ke ce tamu. Baba Alhaji kuma ku yi haƙuri, ni 26 gare ni, kujerar baya ma ta ishe ni in dai akwai wurin caji, in sa abin kunne in yi barci sai Doso.

Malamin lakkol:
Ƙanena ci lokacinka, ni ma haka na ce. Ina da 38, yara uku, ni ne a tsakiyarku, ƙarfin yana nan amma aljihun ne. Tahiyar da da kujera ɗaya ce yanzu ta koma uku ko huɗu, ga leda da lemun tsami saboda ɗiyata ta tsakiya, mota na juya mata ciki, ga tsaraba, ba ka isa ka shiga gidan surukai hannu biyu ba kilishin Gidan Rumji ba. Sai na lura tun da na yi aure ban taɓa tahiya don ganin gari ba, daga ta'aziyya sai suna sai afektasiyon, wato canjin wurin aiki. Jirgin ƙasan nan da ake ginawa daga Kano zuwa Maradi nike jira, ko yara su samu wurin miƙe ƙafa.

Baban Ummi, Bagalam:
Malam Allah ya nuna mana, in ya zo ni da kai a tarago ɗaya, kusa da makewayi. Hajiya ke kam kin ba mu kunya.

Hajiya ta Zariya:
Kunya ta me Alhaji. Wai cikinku akwai mai zuwa Yamai ran Alhamis? Ina da ɗan ƙullin daddawa da kuka zan ba ɗiyata, bai da nauyi, za ta zo tasha da kanta ta amsa.