Ta yaya zan san ranar da aka ɗauki hoton taswira?

Mai_Tambaya22:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman haske. Na duba gidanmu a Google Maps ta ɓangaren satalayit, a ƙasa an rubuta 2025 amma ginin da ke kusa da mu wanda aka gama tuntuni ko tubali ɗaya babu a hoton, fili ne fetal. To wace 2025 ɗin suke nufi?

Injiniya_Safiyo:
Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Wannan shekarar ta haƙƙin mallaka ce kawai, ba lokacin ɗaukar hoton ba, shi ya sa za ka ga sunan kamfani kamar Maxar ko Airbus a gefenta. In ranar kake so ka sauke Google Earth Pro a kwamfuta, kyauta ne tun 2015, ka zuƙo wurin sosai sai ka duba can ƙasa inda aka rubuta Imagery Date, wato ranar ɗaukar hoton. Kuma ka lura taswirar ba hoto ɗaya ba ce, haɗe-haɗe ne kamar facin zane, kana matsar da linzami kaɗan sai ka ga kwanan watan ya canza, wani lokaci ma har launin ƙasar ya bambanta, nan kore shar can busasshe saboda ɗaya da damina aka ɗauka ɗaya da rani. Akwai alamar agogo a sama, ka danna ta za ta fito maka da tsofaffin hotunan wurin.

Yar_Taswira:
Ƙari kan bayanin Injiniya, a kula da tsarin rubutun. Idan irin na Amurka ne wata ke fara zuwa, wato 3/7/2023 bakwai ga Maris ne ba uku ga Yuli ba. Mutane da yawa nan suke zamewa.

Mai_Tambaya22:
Na gode ƙwarai. Amma ni fa waya kawai gare ni.

Injiniya_Safiyo:
Ba matsala, tun 2024 suka sa tsofaffin hotuna a manhajar Google Earth ta waya. In kuma na kwanan nan kake nema akwai satalayit ɗin Turai mai suna Sentinel-2, duk kwana 5 yake sake bi ta wuri kuma hotunansa kyauta ne a shafin intanet na Copernicus Browser, sai dai kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa, gona ko ambaliya za ka gani sarai amma gida ɗaya sai dai ka yi ta kintace.