Fotogarabir: wankin hoto ne ko aikin maɗaba'a?

Daga zauren masu hoto na Yamai

Malam Isufu: Ana ta jera fotogarabir, wato sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe a shafa masa tawada a buga a takarda, cikin tsofaffin hanyoyin wankin hoto, kusa da siyanotif, hoton nan mai shuɗin launi. Ban yarda ba. A siyanotif, wanda masanin kimiyyar Ingila John Herschel ya fito da shi a 1842, takardar ce ke shan magani, ita ce ke shan rana. A fotogarabir kuwa haske bai taɓa takardar ƙarshe ba. Tawada ce da injin matsi.

Zainabu: Malam, ku yi haƙuri, ku dubi inda hoton ke haihuwa. Takarda mai jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashi, ake tsomawa a ruwan bikromat, maganin da ke sa jelatin jin haske, kamar kashi 3 cikin 100, ta bushe a duhu, a ɗora fim a haska. Inda haske ya yi yawa jelatin ya taurare da kauri. Sai a manna ta kan farantin jan ƙarfe da aka barbaɗa wa garin ƙaro aka gasa, ruwan ɗumi na digiri 40 ya wanke abin da bai taurare ba. Ai dabarar hoton karbon ke nan, wanda ake yi da jelatin mai launi, kuma shi ba ku taɓa kore shi ba.

Malam Isufu: Shi karbon jelatin ɗin ne hoton, ƙanwata. Nan kuwa cire shi ake yi a ƙarshe.

Alhaji Mamman: Bayan ya gama aikinsa, Malam. Shi ke tsare ruwan perklorir, maganin da ke cin jan ƙarfe. Ana farawa da mai kauri, 45 a ma'aunin kauri na Bome, ya ratsa inda jelatin ke siriri ya ci farantin a wuraren inuwar hoton, sannan a sauko 43, 41. Zurfin rami ke ba da duhu, ba girman ɗigo irin na jarida ba. Mai zane Karel Klic ya daidaita wannan hanya a Biyana ta Ostiriya a 1879, mai hoton Amirka Alfred Stieglitz kuma da ita ya buga hotuna a mujallarsa daga 1903.

Abin da ya fi damuna zafinmu ne. A Afrilu jelatin narkewa yake, dole bikromat ya fito daga firigo. Ƙurar hunturu kuwa, ƙwara ɗaya ta huda jelatin, perklorir ya haƙa rami, baƙin tabo a kowane bugu. Kuma bikromat guba ne, a sa safar hannu.

Malam Isufu: To, faranti na yarda haske ya yi shi. Amma mai goge tawada da tafin hannu yana iya fito da bugu biyu mabambanta daga faranti guda. Wannan fa?

Zainabu: Haka mai wanki ke yi da fim guda a ɗakin duhu, Malam.