Tun da aka sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023 barci ya ƙaurace mini, ina neman shawara

Telan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa sa baki ba, amma yau damuwa ta tilasta mini yin magana. Shekaruna 31, ina zaune a Tudun Wada ta Zariya, na yi karatu har digiri, kuma da aikin albashi bai samu ba sai na koma kan keken ɗinkin da na koya tun ina yaro, da shi nake ciyar da matata da 'yarmu. Ba zan faɗi ɗan takarar da na zaɓa ba, domin ba gardamar jam'iyya ce ta kawo ni ba. Ya wadatar a san cewa ba shi aka ba nasara ba.

Ranar zaɓe, Asabar 25 ga Fabrairun 2023, na fita tun bayan sallar asuba, a lokacin da naira dubu ɗaya ta hannu ma sai mutum ya wuni a layin banki kafin ya gan ta, na tsaya wakili a rumfarmu ba tare da na karɓi ko sisi ba. Mun kasa, mun tsare, mun raka, kamar yadda ake faɗa. An ƙarasa ƙirga ƙuri'u da hasken fitilar waya, kuma a akwatinmu mun ci da rata mai yawa, saboda haka na koma gida ina ganin magana ta ƙare. Daren Talata ban runtsa ba, rediyo na kunne, har wajen ƙarfe huɗu na asubahin Laraba 1 ga Maris, lokacin da shugaban hukumar zaɓe Farfesa Mahmood Yakubu ya bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya lashe zaɓen.

Yau kwana goma ke nan ban yi barcin kirki ba. Ƙarfe biyu na dare nake farkawa gabana na faɗuwa, in ɗauki waya in yi ta bin Facebook da WhatsApp ina neman wanda zai ce mini za a soke sakamakon. Abinci ya fita raina. Shekaranjiya na yanka shaddar wani bawan Allah ba daidai ba, kuskuren da rabona da yin irinsa tun ina yaron shago. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya muke, wanda ya zaɓi wanda ya ci; tun ranar ban gaishe shi ba, kuma mahaifiyarmu ta lura, ta daina cin abinci tare da mu a tsakar gida.

Tambayata ga malamai da dattawan wannan zaure ita ce, wannan halin raunin imani ne ko ciwo ne? Kuma yaya zan yi da tsoron da nake ji idan na dubi 'yata na tuna shekaru huɗu ko takwas da ke gabanmu?

Tsohon Malamin Firamare, Ƙofar Doka, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne ya karanta mini saƙonka, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa, domin idanuna sun daina jure wa ƙananan baƙaƙen waya.

Ka fara cire batun raunin imani daga ranka. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Allah bai cire shi daga cikin masu haƙuri ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, abin da ba zai koya mana ba da bai san muminai za su gamu da su ba. Jin zafi a zuciya ba laifi ba ne. Inda laifi yake shi ne abin da harshe da hannu za su aikata bayan zafin, kuma a nan ne nake jiye maka tsoro game da ɗan'uwanka.

Ni a 1979 na fara jefa ƙuri'a, kuma Malam Aminu Kano na zaɓa a jam'iyyar PRP. Da aka ce Alhaji Shehu Shagari ne ya ci, mun rarrashi kanmu da cewa aƙalla mun samu Alhaji Balarabe Musa a gwamnan Kaduna. A 1981 majalisa ta tsige shi. A watan Afrilun 1983 Malam ya rasu, watanni kaɗan kafin zaɓe, kuma na rantse maka a wannan makon na zaci talaka ba zai ƙara samun mai magana da yawunsa ba har abada. Kafin shekarar ta fita sojoji sun kifar da gwamnatin baki ɗaya. A 1993 mun tsaya a layi ranar 12 ga Yuni, aka soke zaɓen muna ji muna gani. Ban lissafa maka waɗannan don in ce abin da ya same ka ƙarami ne ba, sai don ka san mai yi maka magana ya kwana a irin daren da kake kwana.

Wanda ba na so in tuna, amma dole in tuna maka, shi ne rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011. Kana da shekara 19 a lokacin, ka ga hayaƙi a garin nan, ka ga dokar hana fita. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙiyasta fiye da mutum 800 ne suka mutu a jihohin Arewa cikin kwana uku. Daga cikin samarin da suka fita titi a ranakun akwai waɗanda na koya wa karatu da hannuna, kuma ba mugaye ba ne, yara ne da zuciyarsu ta ƙuna kamar taka, ba su samu wanda ya zaunar da su ba. Wanda suka fita dominsa, wato Muhammadu Buhari, ya zama shugaban ƙasa bayan shekaru huɗu, amma waɗanda aka binne ba su dawo ba.

Gobe da asuba, kafin ka tafi shago, ka shiga ɗakin mahaifiyarku ka durƙusa ka gaishe ta, sa'an nan ka tsaya ƙofar yayanka ka yi masa sallama. Ba sai ka ce ya yi daidai ba. Ka gaishe shi kawai, domin ƙaurace wa ɗan'uwa Musulmi fiye da kwana uku bai halatta ba, kai kuwa ka riga ka kai goma.

Ma'aikaciyar Jinya daga Samaru ta amsa:

Baba ya yi magana kan zuciya, Allah ya ƙara masa lafiya, ni zan yi kan jiki. Ɗan'uwa, abin da ka bayyana, wato farkawa da tsakar dare, faɗuwar gaba, rashin cin abinci da kuskure a aikin da ka ƙware, alamu ne na jikin da ya daɗe cikin fargaba bai sauka ba. Ka yi watanni kana kamfe, ka yi makonni kana fama da ƙarancin takardun kuɗi, ka kwana huɗu kana jiran sakamako, sa'an nan kowane dare kana ƙara wa wutar itace da wayarka. Hasken waya da labaran da ke cikinta suna hana ƙwaƙwalwa kwanciya, mutumin da bai yi barci ba kuwa ko ƙaramin abu babba yake ganinsa.

Shawarata ita ce ka ba matarka wayar bayan sallar isha'i, kada ta ba ka sai gari ya waye, kuma ka taƙaita jin labarai zuwa sau ɗaya a rana daga gidan rediyon da ka yarda da shi. Ka bar goro da shayi mai ƙarfi da lemukan ƙarin kuzari daga la'asar. Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, musamman ganin azumi ya rage kwana goma sha, kuma kai tela ne, ka san aikin dare da ke jiranka kafin Sallah. Ina roƙonka da girman Allah kada ka sayi maganin barci a kemis ba tare da likita ya rubuta maka ba, kada kuma wani aboki ya ba ka tiramol ko kodin da sunan za su sanyaya maka rai, domin mun ga samari da yawa da suka shiga ta wannan ƙofar suka kasa fita. Ka je a gwada maka hawan jini, ba ya cin minti biyar.

Idan ka cika mako biyu abin bai ragu ba, ko ka ji duniya ta fita ranka gaba ɗaya, to ka ga likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Idan kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa ɗarsuwa a ranka, kada ka jira mako biyun, ka faɗa wa wani na kusa da kai a ranar ku tafi tare.

Ɗalibin Shari'a daga Kongo ya amsa:

Ina girmama maganar Baba da ta Hajiya, amma ina da ƙari, domin ina ganin wani ɓangare na ciwonka daga zaton kai kaɗai ne ya zo, wani ɓangaren kuma daga jiran kotu.

Ka dubi alƙaluman da hukumar ta sanar. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma 1,496,687. Wanda ya ci bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, wato mafi yawan waɗanda suka fita zaɓe sun wayi gari ranar Laraba da irin takaicinka. Sa'an nan cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Akwatinku da kuka ci gaskiya ne, amma akwati ɗaya ne cikin rumfuna sama da 176,000, kuma wanda yake zaune cikin mutanen da ra'ayinsu ɗaya, a majalisa da kuma a waya, yakan zaci ƙasar duka haka take.

Ban ce babu abin ƙorafi ba. Jinkirin ɗora sakamakon rumfuna a shafin IReV, wato shafin intanet na hukumar zaɓe na duba sakamako, ranar zaɓe ya sa mutane da yawa shakku, kuma Atiku da Obi duk sun ce za su je kotu. Doka ta ba su kwana 21 daga ranar sanarwa su shigar da ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da kwana 180 ta yanke hukunci, Kotun Ƙoli kuma kwana 60 daga ranar wancan hukuncin idan an ɗaukaka. Ma'ana za a rantsar da sabon shugaba ranar 29 ga Mayu ana tsaka da shari'a. Kuma ka sani Kotun Ƙoli ba ta taɓa rushe zaɓen shugaban ƙasa ba a tarihin Najeriya, har da na 2007, wanda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amince akwai kurakurai a cikinsa. Idan ka rataya barcinka a kan wannan shari'a, za ka kai ƙarshen shekara ba ka runtsa ba.

Inda na ɗan saɓa da masu cewa ka yi haƙuri kawai shi ne, zuciyar da ta saba da aiki ba ta warkewa da zama. An ɗage zaɓen gwamna da na majalisar jiha zuwa 18 ga Maris. Makarantar firamaren da 'yarka za ta shiga da asibitin unguwarku sun fi kusa da hannun waɗannan fiye da na shugaban ƙasa. Idan ƙarfinka ya dawo ka fita ka jefa ƙuri'arka, ko da ba ka sake tsayawa wakili ba.

Ɗan Kasuwar Sabon Gari ya amsa:

Ni wanda ya ci na zaɓa, kuma na yi jinkirin rubutu don kada ka ɗauka dariya na zo yi maka. A 2003 da 2007 da 2011 ni ne a matsayinka, kuma na san yadda murnar maƙwabci take huda zuciya. Abin da nake so ka sani game da yayanka shi ne, da wuya a ce ya zaɓi abin da ya zaɓa don ya cuce ka ko ya cuci 'yarka. Tsadar masara da matsalar hanyar Birnin Gwari da garkuwa da mutane a ƙauyukanmu su ne suka hana shi barci shi ma, sai dai lissafinsa ya kai shi wani wuri dabam. Ni kaina ban kwana da tabbacin na zaɓi daidai ba, addu'a nake yi kada in yi nadama.

Telan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya ja da kwana, ya saka da alheri. Hajiya da sauran 'yan'uwa, na gode ƙwarai. Yau da asuba na shiga wurin mahaifiyarmu, ban iya cewa komai ba bayan gaisuwa, ita ce ta yi kuka. Na yi wa yayana sallama a ƙofar ɗakinsa, ya amsa ya ce in shigo, amma na ce ina sauri, domin ban kai ga iya zama ba tukuna. Jiya matata ta karɓi wayar bayan isha'i, na yi barcin kusan awa huɗu, na farka da faɗuwar gaban amma ba kamar da ba. An gwada jinina a wani ƙaramin asibiti kusa da shago, an ce ya ɗan hau, in dawo bayan mako guda a sake dubawa. Mai shaddar da na ɓata na saya masa wata da kuɗina. Batun ranar 18 kuwa ban yanke shawara ba har yanzu, katin zaɓena dai yana cikin aljihun rigar da na sa ranar 25, ban iya ciro shi ba.